Rai-ɗore a Ƙasar Dandi: Yadda Ake Gane Shi, Yadda Ake Aiki da Shi, da Inda Ake Tsayawa

Daga tsakiyar damina zuwa kaka, duk inda ka juya a Gaya sai ka ga rai-ɗore: bayan darni, kan juji, cikin kango, bakin hanyar Tanda da ta Bengu, da tsohon mashekarin da Fulani suka tashi suka bari. Ba wanda ya shuka shi, ba mai yi masa noma. Nan aka fi samun ruwan sama a duk faɗin Nijar, wajen milimita 800 a shekara, shi ya sa tsiron yakan kai ƙirjin babban mutum. Wannan ruwan kuwa shi ne ke kwanciya a fadamun Dallol Mawri da gonakin shinkafa na bakin kogin Kwara, sauro ya samu wurin hayayyafa. Ganyen da masassara tare suke zuwa, don haka ga ganyen hannun uwar gida ke fara kaiwa idan jikin wani ya yi zafi cikin dare.

Tsiro ne mai amfani, kuma mai dafi. Wanda zai yi aiki da shi ya riƙe ƙa'ida huɗu. Ganye ake amfani da shi. A kan fata ya fi aminci. In za a sha, babba ne kaɗai, shi ma na 'yan kwanaki. Ɗanyen irin kuwa ba ya shiga bakin kowa.

Gane shi tukuna

Hausawa na kiransa rai-ɗore, wasu su ce sanga-sanga kamar yadda Zabarmawa ke faɗa. Masana tsirrai na ce masa Senna occidentalis, a tsofaffin littattafai kuma Cassia occidentalis. Asalinsa daga yankuna masu zafi na nahiyar Amurka ne, amma ya daɗe da zama ɗan gida, domin tun 1916 likita J. M. Dalziel ya sa sunansa cikin kundin sunayen tsirrai na Hausa da ya tattara a arewacin Najeriya.

Wadda ake rikita shi da ita ita ce tafasa. Danginsu ɗaya, furensu duka rawaya ne, kuma sau da yawa juji ɗaya suke fitowa. To amma kama da wane ba wane ba ne. Tafasa abinci ce, ana dafa ta a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli. Rai-ɗore ba ganyen cika kwano ba ne. Ga inda za ka duba.

Ganye: tsinko sille guda ka ƙirga ƙananan ganyayen da ke jere bibbiyu a jikinsa. Na tafasa tagwaye uku ne, wato shida cif, bakinsu a zagaye kuma ya fi gindinsu faɗi. Na rai-ɗore galibi tagwaye huɗu ne ko biyar, kowanne da tsini a baki.

Gindin sille: a rai-ɗore, daidai inda sillen ya haɗu da kara akwai wani ɗan ƙullutu baƙi. A tafasa, ɗan tsinin yana can tsakanin ganyaye biyu na farko.

Kwanso: na tafasa siriri ne, dogo, a lanƙwashe. Na rai-ɗore ya fi shi gajarta, mai faɗi ne, yana duban sama, tsakiyarsa ya fi gefensa duhu.

Kara da wari: sabon karan rai-ɗore yana da jaja-jaja. In ka murza ganyen a hannu za ka ji wari mai hawa kai, wanda ya fi na tafasa ƙarfi.

Akwai wata rikitarwar a kasuwa. A Gaya da Malanbil ana iya kiran ganye biyu da suna kinkiliba: rai-ɗore, da kuma geza, itacen daji wanda 'yan Senegal da Mali ke shan ganyensa kamar shayi. Geza ana shan ta yau da gobe, rai-ɗore ba a yi masa haka. In ka tsaya gaban mai ganye kada ka ji nauyin tambaya: "Inna, wannan ta geza ce ko ta sanga-sanga?" In ta ce duk ɗaya ne, ka ce ta nuna maka ganyen da ba a daka ba. Garin da ba ka ga ganyensa ba, kada ka saya.

Inda za a tsinka, da lokacin

Tsiron ya fi son wurin da taki ya yi yawa, kuma a gari wannan na nufin juji da inda ake zagayawa. A guji na nan. A guji na bakin kwaltar Dosso, inda manyan motoci ke zuba masa hayaƙi da baƙin mai. A guji na kunyar gonar da aka yi wa feshin maganin ciyawa ko na ƙwari, ko da ganyen ya yi shar. Na tsohon mashekari da na saurar da aka daɗe ba a nome ba sun fi.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne da hantsi, bayan raɓa ta kaɗe, kuma kafin tsiron ya cika da kwanso. A ɗauki ganyen da ya ƙosa, kore shar, wanda tsutsa ba ta ci ba. A tsinka da hannu sille-sille. Kada a sari reshe gaba ɗaya a jefa tukunya, domin ta nan ne fure da ɗanyen kwanso ke shiga cikin magani ba a sani ba. Saiwa kuma a bar ta a ƙasa. Masu magani na aiki da ita, amma ta fi ƙarfin awon gida.

In an zo gida a zauna a tsince a kan faifai, a fitar da duk wani kwanso komai ƙanƙantarsa, sannan a wanke da ruwa mai tsabta sau biyu.

Shanya da ajiya

A baza ganyen a tabarma cikin inuwa, inda iska ke ratsawa, a riƙa juya shi safe da yamma. Rana tsaka tana ƙone shi ya koma ja. Laimar Gaya kuwa, musamman a Agusta da Satumba, tana sa shi funfuna in an tara shi da kauri, saboda haka a baza shi sama-sama. Ya bushe idan ya karye ƙaras a hannu alhali korensa bai gushe ba. A zuba a kwalba ko gwangwani mai murfi, a rubuta sunansa a jiki, a ɗora inda hannun yaro ba ya kaiwa. Kada a ajiye shi kusa da busasshiyar tafasa ko zogale na miya. Wanda ya yi baƙi ko ya soma warin ruma, a zubar. In sabuwar damina ta zo, a watsar da na bara.

Wanka da surace

Wannan ne aikin da aka fi saninsa da shi, ga masassara, ciwon gaɓoɓi da nauyin jiki. Ana cika hannu biyu da ɗanyen ganye a sa a babbar tukunya, wasu su haɗa da ganyen dogon yaro ko na lemun tsami. A rufe, a bar shi ya tafasa har ruwan ya canja launi, sannan a sauke.

In wanka za a yi, a tace a bokiti, a sirka da ruwan sanyi har ya zama in ka tsoma gwiwar hannu ba za ka janye ba. A yi wankan a wurin da iska ba ta bugowa, a goge jiki, a sa tufa.

In surace ne, sai babba mai ƙarfin zama da kansa. A ajiye tukunyar a ƙasa inda ba za ta goce ba. Mutum ya zauna kan kujera 'yar tsugune, a lulluɓe shi da bargo tare da tukunyar, sannan ya janye murfin kaɗan-kaɗan, fuskarsa a gefe, domin tururin farko yana ƙona fata. Cikin ɗan lokaci zufa za ta keto daga goshi da baya, hanci ya buɗe. Minti goma ya isa. Wani ya tsaya kusa yana yi masa magana, in ya ji muryar ta yi rauni ko mai suracen ya ce jiri yake ji, a yaye bargon nan take. Bayan an gama ya sha ruwa da yawa, don zufar da ta fita ruwan jiki ce.

Ba a yi wa ƙaramin yaro surace. Jikinsa ya riga ya yi zafi, ƙarin zafi na iya jawo masa jijjiga, ga kuma haɗarin tukunya ta kife masa. Abin da ya dace da shi shi ne a rage masa tufa, a shafe shi da tsumma da ruwa mai ɗumi-ɗumi, a ba shi nono ko ruwa, a nufi asibiti. Haka mai ciki, tsoho mai rauni, da mai hawan jini ko ciwon zuciya, ba su shiga bargo. Mai jego da ake sa wa ganye a ruwan wanka, a bar ruwan ya huce. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka nuna alaƙar kumburin zuciya bayan haihuwa da yawan gashin jego da kunun kanwa.

Makero, ƙyasbi da ƙaiƙayi

Ganyen na ɗauke da sinadaran da ake kira antirakwinon, irin waɗanda ke cikin tafasa da filasko, kuma an daɗe ana shafa wannan dangin tsirrai ga cututtukan fata a Afirka da Asiya. A wanke wurin da sabulu, a bar shi ya bushe. A daka ɗanyen ganye a turmi mai tsabta, a matse ruwan. Kafin a shafa a wurin ciwo, a ɗiga kaɗan a cikin damtse a jira kwana guda. In bai yi ja ko raɗaɗi ba, a riƙa shafawa safe da yamma, ana haɗawa da ɗan gefen fatar da ke kewaye da tabon. Da rani, idan babu ɗanye, a kwaɓa garin busasshen da man kaɗe. Ba a sa shi a ido, ko a buɗaɗɗen miki, ko a jikin jariri. A wanke hannu bayan an gama, kuma kowa ya riƙe tsummansa da matajinsa.

In an yi mako biyu ba a ga sauƙi ba, a daina. Abu biyu kuma tun farko ba na shafe-shafe ba ne. Makeron da ya kama kan yaro har gashi ke zubewa yana cikin saiwar gashin, sai da ƙwayar sha ta makonni wadda likita zai rubuta. Na biyu shi ne tabo mai haske wanda ba ya ƙaiƙayi. A sa mai shi ya rufe ido, a shafa auduga a kan tabon, a kuma shafa a fatar da ke gefensa. In yana jin na gefen amma ba ya jin na tabon, a je a yi gwajin kuturta. Maganinta kyauta ne, tana kuma warkewa sarai in an kama ta da wuri.

Sha: wa, nawa, har yaushe

Ana shan dafaffen ganyen don taurin ciki da masassara. Sinadaran nan da aka ambata suna zaburar da hanji, don haka yana sa gudawa in ya yi yawa. Ƙarfin ganye kuma yana bambanta daga wuri zuwa wuri, saboda haka a tsaya a ƙasan awo. Tafi guda na ganye cikin lita guda ta ruwa, a dafa kamar minti goma, a tace. Babba mai lafiyar hanta da ƙoda ya sha ƙaramin kofi guda a yini, kada ya wuce kwana uku. Na yau ba ya kwana. Kada a jefa kanwa, kada a haɗa da filasko, kada a sha tare da ƙwayoyin asibiti ba tare da an gaya wa ma'aikacin lafiya ba. In ciki ya soma murɗawa ko gudawa ta tsinke, a tsaya, a sha ruwan gishiri da sukari.

Waɗanda ba su sha ko kaɗan: yara, mai ciki, mai shayarwa, mai gudawa ko amai, da mai ciwon ƙoda. Ba a sa shi cikin daurin jarirai. Mai shawara ma ya bar shi, duk da cewa a gargajiyance ana ba shi. Idon da ya yi rawaya alama ce hanta ko jini na cikin wahala, ko daga ciwon hanta, ko zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, ko sikila. Tsiron da ake tsoron dafinsa ga hanta ba shi ya kamata a ɗora mata a wannan hali ba.

Game da masassara, Mali ta riga ta gwada ganyen. Sashen Magungunan Gargajiya na Bamako ya haɗa wani magani mai suna Malarial, wanda fiye da rabinsa ganyen rai-ɗore ne, tare da wasu tsirrai biyu. Da aka gwada shi a kan marasa lafiya, an ga yana sassauta zafi da ciwon jiki, amma bai share ƙwayar cutar daga jini yadda ake bukata ba. Haɗarin ke nan. Mutum zai ji dama-dama ya koma gona, alhali cutar na nan tana cin jininsa. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada jini kafin a ba da maganin zazzaɓin cizon sauro. Gwajin ɗigon jini ne daga yatsa, ana yin sa a ƙaramin asibiti (CSI), sakamako ya fito cikin minti 15 zuwa 20. Duk wanda jikinsa ya yi zafi a Gaya da damina ya yi gwajin a ranar. Wankan ganye na iya biyo baya don jin daɗin jiki. Yara kuma kada a bari maganin rigakafin da ake rabawa wata-wata da damina ya wuce su, haka ma allurar rigakafin zazzaɓin, wadda a Gaya ɗin nan Nijar ta ƙaddamar da ita a watan Satumba na 2024.

Irin: inda dafin yake

A yammacin jihar Uttar Pradesh ta Indiya, musamman gundumar Saharanpur, an yi shekaru ana ganin wata cuta duk bayan damina, daga Satumba zuwa Disamba. Yaro yana wasa lafiya, sai amai, sai fizge-fizge, sai suma, kuma mafi yawan waɗanda ta kama sun rasu cikin 'yan kwanaki. An daɗe ana zaton ƙwayar cutar ƙwaƙwalwa ce. A 2007 likitan yara Vipin Vashishtha da abokan aikinsa suka wallafa bincikensu, suka nuna cewa yaran, waɗanda galibi 'ya'yan talakawa ne, ɗanyen irin rai-ɗore suke ci. Dafin yana lalata hanta, tsoka da ƙwaƙwalwa. Da aka shiga wayar da kai da tuge tsiron a kewayen gidaje, cutar ta ja baya ƙwarai.

Wanda ya san wasan yaranmu ya san abin ba shi da nisa da mu. Da kaka za ka ga 'yan mata ƙanana a bayan gida sun jera gwangwanayen tumatir a kan duwatsu uku, suna ɓare kwanson duk abin da suka samu suna cewa wake ne, ƙaninsu na zaune gefe yana kai hannu baki. A nuna wa yara tsiron da sunansa, a gaya musu wannan ba a ci. In an ga yaro ya ci, kada a jira alama, kada a tura masa yatsa don ya yi amai, kada a ɗura masa manja ko madara. A ɗebi kwanson a tafi da shi asibitin gunduma a nuna wa likita.

Gaskiya ne a Senegal da wasu ƙasashe ana soya irin har ya yi baƙi a sha a madadin kofi, kuma suya tana rage dafin. Amma suyar kasko ba ta kama kowace ƙwaya daidai, kuma ajiye irin a gidan da ke da yara kasada ce da ba ta da riba.

Dabbobi da hatsi

Dabba mai ƙoshi ba ta kula rai-ɗore, warin na korar ta. Yunwa ce ke sa ta ci, ko kuma a yanko shi cikin harawa da ciyawa ba a lura ba. A kudancin ƙasar Amurka da kuma Barazil an sha ganin shanu sun ci sun kwanta sun kasa tashi, fitsarinsu ya koma ja mai duhu, saboda tsokarsu ta lalace. Kaji ma yana kashe su in irin ya gauraya da tsabarsu. Mai yankan ciyawa ya tsince shi, mai sussuka kuma ya duba dawa da waken da aka girbe daga gonar da tsiron ya yi yawa.

Masu tara irin tafasa don sayar wa 'yan kasuwar da ke fitar da shi waje ta Najeriya su ma su kula. Dokar Tarayyar Turai ta ce irin da za a sarrafa ya shiga abinci kada na rai-ɗore a cikinsa ya kai kashi 0.05 cikin ɗari. Ƙwayar tafasa tana sheƙi, tana da kusurwa. Ta rai-ɗore shafaffiya ce, dusu-dusu.

Alamomin da ke cewa a bar tukunya

A tafi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne, in mara lafiya yana jijjiga, ko barci ya yi masa nauyi ba a iya tashe shi, ko yana amayar da duk abin da ya sha, ko ya ƙi nono. Haka in numfashinsa na sama-sama, ko tafin hannu da cikin ido sun yi fari, ko ido ya yi rawaya, ko fitsari ya yi duhu. In an je a faɗa wa ma'aikacin lafiya gaskiyar abin da aka ba shi, da yawansa, da lokacin. Ko zai yi faɗa, sanin zai taimaka masa ya san inda zai dosa.

Aikin kaka

Ba a bukatar daji guda don maganin gida. Tushe biyu ko uku a wurin da aka killace sun wadatar, a riƙa cire furensu da zarar ya fito don kada su yi kwanso. Sauran da ke kewayen gida, makaranta, makarantar allo da bakin rijiya, a tuge su tun Agusta ƙasa na da taushi. Waɗanda suka riga suka yi kwanso a tara su a ƙone, kada a watsa su juji, domin irin yana shekaru a ƙasa bai mutu ba. Aiki ne da gida ɗaya ba ya gamawa, tunda yaro ba ya tsayawa iya ƙofar gidansu. Mai unguwa ya sa rana, matasa su fito da fartanya, a fara da inda yara suka fi taruwa.